Alhaji Iliya da Babur Marar Kujera

"Sannu da zuwa, angona. Ya hanya? Ya idon?"

"Ido da sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ke wace ce? Ni matata na zo nema, ban zo wurin mai tukunya a ka ba."

Sabuwa ta zare hular kwanon, ta gyara hijabinta, ta rusuna tana dariya.

"Au, ashe ke ce. Mayar da tukunyar, ta fi yi miki kyau."

Alhaji Iliya kakanta ne, mahaifin babanta. Daga Malumfashi aka kawo shi Alƙahira aka cire masa yana a idon hagu, shi ya sa yake yawo da baƙin tabarau. Ita kuwa Sabuwa karatun haɗa magunguna take yi, tana zaune a unguwar Madinat Nasr. Wata ƙawarta, Rawan, ita ta fara kawo ta wannan tsohon ramin fasa dutse da ke bayan tsaunin Muƙaɗɗam, inda ake wani irin wasan babur da ba na gudu ba: a hau dutse, a haye gungume, a sauko gangare, ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Da babur ɗin aro ta koya. Yanzu mai koyar da su, Kabtin Alaa, ya samo guda biyu na hannu, ya ce ta zaɓi ɗaya ranar Asabar ɗin nan, domin akwai wani mai jiran wanda ta bari.

Sai dai akwai wata a ƙasa. Babanta, Rilwanu, ya ga bidiyonta a waya tana saman dutse, ya kira tsohon ya ce ya gaya mata ta bar wannan hauka. Sabuwa ta san da saƙon. Shi ya sa ta aika direban tasin da ya saba kai kakan nata asibiti ya ɗauko shi, ya zo ya gani da idonsa.

Aka ba shi kujerar roba a ƙarƙashin rumfa. Kabtin Alaa ya kawo masa shayi, ya dafa ƙirji ya ce, "Ahlan ya Hagg, nawwartina."

"Me ya ce?"

"Ya ce wai a ina tsoho kamarka ya samo yarinya kyakkyawa haka."

"Ƙarya kike yi, ja'ira. Na ji nur a ciki. Cewa ya yi na kawo musu haske. Na sauke tun ubanki bai san hanyar bakinsa ba. Ina kayan?"

Ta nuna masa baburan a jingine, ɗaya ja, ɗaya fari. Alhaji ya ɗaga tabarau, ya leƙa da idon hagu, ya mayar.

"Ko aikin likitan bai yi ba ne? Ni ban ga kujera ba."

"Ba su da ita."

"An sace?"

"Haka ake yin su, Kaka. A tsaye ake tuƙawa."

"Inna lillahi. Ki sayi babur, sannan ki tafi a tsaye kamar wadda aka kora daga aji? To ni a ina za ki ɗora ni?"

"A baro. In ɗaure a baya in ja."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗaura auren nan. Fitila fa?"

"Babu."

"Oda?"

"Babu."

"Wannan ba babur ba ne, ƙashin babur ne. Sun cinye naman sun bar miki ƙashi. To mene ne bambancinsu, ban da launi?"

Sabuwa ta dafa jan. "Wannan mai bugu biyu ne. Ana haɗa masa baƙin mai da fetur wuri ɗaya. Ba shi da nauyi, amma yana da zafin kai, da ka taɓa totur sai ya zabura." Ta dafa farin. "Wannan kuma mai bugu huɗu. Mansa daban, fetur ɗinsa daban. Yana da nauyi, amma a hankali yake ba da ƙarfi. Shi nake so."

"Shi kike so?"

"Shi."

"Dama na sani. Tun kina cikin zanin goyo na ce yarinyar nan ba ta da zaɓi."

"Gaskiyarka. Dubi mijin da na zaɓa."

Alhaji ya kurɓi shayi don kada ta ga dariyarsa. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya gyara zama.

"Ke, saurara. Lokacin da nake sayen auduga a ƙauyuka, ina da wani mai bugu biyu, sunansa Zirnaƙo. In na tayar da shi a Malumfashi, mutanen Ƙafur sai su fara shimfiɗa tabarma, sun san ina tafe."

"Hayaƙin suke gani, su ɗauka gobara ce."

"Sauro bai taɓa cizon kowa a unguwarmu ba sai da na sayar da shi. Da sifana ɗaya da tsumma nake kwance injinsa in mayar kafin a kira la'asar. Wancan farin naki kuwa, ran da ya ƙi tashi, sai kin nemo likita mai digiri ya duba masa bawul."

"Ai kai ma da likita mai digiri aka gyara ka."

"Ni kuma aka ce ina da sauran shekara arba'in a jiki."

"Wa ya fassara maka?"

"Ke."

"To ka ga."

Ya ɗaga sandarsa kamar zai kai mata, ta kauce.

"Bari in zo miki ta wajen ilimi, tunda garin malamai muke," in ji shi. "Ke baƙuwa ce a ƙasar mutane. Matafiyi ƙasaru yake yi. Raka'a biyu. Magana ta ƙare."

"Haba Malam. Wanda ya yi niyyar zama ai cikawa yake yi. Ni mazauniya ce, huɗu ce tawa. Kai ne matafiyi, kai ka ɗauki jan."

"Kin ji illar kai mace makaranta. Miji ya kawo hujja, ta kawo wadda ta fi ta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Da wane idon ka hango? Mai faci ko ɗayan?"

"Da na zuci, marar kunya."

Kabtin Alaa, da ba ya jin ko kalma ɗaya, yana ta murmushi yana duban wannan yana duban wancan. Daga ƙarshe ya tafa hannu ya ce, "Yalla ya Sabuwa." Ya nuna mata hanyar gwaji: tsakanin tayoyin mota, sai gungumen dabino, sai wani farin dutse mai faɗi da ya kai mata gwiwa.

Ta mayar da hular, ta ja maɗaurin, ta fara da farin. Sai da ta yi ta dukan kik tana haki kafin ya tashi, da wata murya mai kauri.

"Saniya ta farka!" Alhaji ya yi kira daga rumfa. "A kawo mata dusa!"

Sabuwa ta miƙe a kan matakan ƙafa, ta ratsa tayoyin a hankali, ta haye gungumen. Da ta zo dutsen, babur ɗin ya taka shi a natse, ya sauka ɗaya gefen. Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

"Ka gani, angona?"

"Na ga liman zai je ɗaurin aure. Da jaki aka sa a wurin da tuni ya dawo."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa karin maganar, kada ki cinye rabi."

Tana juyowa ta ba shi amsa, injin ya mutu, babur ɗin ya karkata ya kwanta a gefensa. Ta sauka lafiya, ta kama kansa ta ja, bai motsa ba. Ta sake ja har da nishi. Sai da Kabtin ya zo suka ɗaga shi tare.

"Saniya ta kwanta tuƙa," in ji Alhaji. "A kira mahauta."

"Za ka gani. Bari in hau naka."

Jan bai ba ta wahala ba. Duka ɗaya, ya tashi da ƙara mai tsini, salansa tana fitar da siririn hayaƙi. Alhaji Iliya ya lumshe ido, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya ɗago.

"Allahu Akbar. Kin ji turare. Wannan shi ne babur."

"Wannan injin markaɗe ne."

"Hau dai. Ki ba shi wuta, ba ya son raini!"

Ta ratsa tayoyin, ta ji kamar keke take riƙe da shi. Gungumen ma bai dame ta ba. Da ta fuskanci dutsen, sai ta murɗa totur kamar yadda ta yi wa farin. Kan babur ɗin ya tashi sama, ya zame daga hannunta, ta faɗi da baya a cikin yashi, shi kuma ya zo ya kwanta a kan ƙafarta.

"Sabuwa!"

Kujerar robar ta kife, shayin ya zube. Tsohon da ake riƙe wa hannu in zai hau matakalar asibiti ya taho da sassarfa, babbar riga tana jan ƙasa, sandar ma a rumfa ya bar ta. Rabon da ya kira ta da sunanta tun tana firamare.

Kafin ya iso, kafin Kabtin ya iso, ta ture babur ɗin da hannu, ta miƙe, ta ɗaga shi tsaye ita kaɗai. Ta buɗe gilashin hular, bakinta duk yashi.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama, Kaka. Ga kujerar da kake nema."

Bai yi dariya ba. Ya kama hannunta ya juya shi, ya dubi gwiwar hannun da ta kurje, ya ce ta taka ƙafar ya gani. Ta taka. Ya ce ta sake. Ta sake takawa.

"Tamam?" Kabtin Alaa ya tambaya.

"Tamam, ya Kabtin."

"Ma'alish ya Hagg," ya ce wa tsohon yana ba shi haƙuri, ya je ya ɗauko masa sandarsa da kujerar.

Alhaji ya zauna a nan tsakiyar fili, cikin rana. Ya ɗora sandar a kan cinyarsa.

"Ni na ce ki ba shi wuta," ya ce daga baya.

"Ni na murɗa."

"Ubanki ya ba ni saƙo."

"Na sani."

"Ya ce karatu ya turo ki, ba karaya ba. Na taho ina cewa Rilwanu matsoraci ne tun yana yaro. Yanzu da na gan ki a ƙasa, ban sani ba ko shi ne mai hankalin."

Sabuwa ta jingine babur ɗin, ta tsuguna a gabansa.

"Kaka, bara na faɗi jarrabawa ɗaya. Ban gaya wa kowa ba sai Mama. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai aji, ga garin nan ba ya yin shiru. Har na fara haɗa kaya in gudo gida. Da Rawan ta kawo ni nan, sai na ga in kana kan dutse ba ka da damar tunanin komai sai dutsen. In na sauka, kaina ya yi sanyi, in koma in yi karatu. Bana ban faɗi ko ɗaya ba."

"Jarrabawa ba ki faɗi ba. Ƙasa kika koma faɗi."

"Ita ai ana kakkaɓewa."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ja tsaki, amma ba na fushi ba.

"To in dai ya zama dole, ɗauki farin."

"Wane? Saniyar?"

"Kada ki ƙara ce mata saniya. Baiwar Allah mai natsuwa, mai kunya, 'yar gidan mutunci."

"Ɗazu ka ce a kira mahauta."

"Ɗazu ban san halinta ba. Wancan jan kuwa ɗan iska ne, ba shi da tarbiyya."

"Turaren fa?"

"Warin tsiya."

"Zirnaƙo fa?"

"Zirnaƙo sau nawa ya zubar da ni a gonar mutane? Kin ga tabon nan na ƙwauri? Ba kaciya ba ce."

Sabuwa ta fashe da dariya har ta zauna a yashi.

"To ni kuma jan nake so yanzu."

"Kin ji ta! Wanda ya kayar da ke?"

"Ya kayar da ni, na ɗaga shi ni kaɗai. Farin da ya kwanta, sai da aka taya ni. Mai koyo kullum cikin faɗuwa yake, Kaka. Gara wanda in ya hau kaina zan iya ture shi."

"Amma yana da zafin kai."

"Na saba zama da mai zafin kai. Ga surutu, ga hayaƙi, ga son a lallaɓa shi. In dai an iya da shi, ba shi da nauyi."

"Da wa kike?"

"Da babur."

"Wanda bai ji bari ba..."

"Ya ji hoho. Na ƙarasa maka, ban cinye rabi ba. Bari in sake gwadawa sau ɗaya. In ya sake kayar da ni, ka faɗi saƙon Baba, na ji na bi."

Alhaji ya juya sandarsa a ƙasa.

Kabtin Alaa ya zo ya tsaya kusa da ita, ya ɗora yatsa ɗaya a kan kulocin, ya nuna mata yadda za ta sake shi kaɗan-kaɗan. "Wahda wahda," ya ce. "Bir-raha."

"Me ya ce?"

"Ya ce a hankali, ɗaya bayan ɗaya."

"Abin da nake ta gaya miki ke nan tun safe."

"Kai da ka ce in ba shi wuta?"

"Ƙaramar wuta nake nufi. Ta dafa shayi."

Ta tayar da shi. Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta zo gaban dutsen ta kusan tsayawa cik, tana tsaye a kan matakan, babur ɗin yana ɗan rawa a ƙarƙashinta. Alhaji yana motsa baki, ba a jin abin da yake karantawa. Ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗan taɓa totur, ta saki kuloci. Tayar gaba ta ɗago ta dafa dutsen, ta baya ta biyo ta, ta tsaya a sama kamar akuya a kan katanga, sannan ta gangara ɗaya gefen.

Kabtin ya yi fito da baki. Alhaji Iliya ya miƙe tsaye yana ɗaga sanda.

"Jinina ce! Ku gaya wa Balaraben nan jinina ce! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!"

"Yanzu kuma na zama jininka?"

"Hawan nawa ne. Faɗuwar ta dangin uwarki ce."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta, ya nisanta ta da fuskarsa, ya miƙa wa Sabuwa ta duba masa. Dariyarta ta ɗauke.

"Baba ne."

Ta kashe injin. Tsohon ya karɓi wayar, ya yi gyaran murya.

"Rilwanu. Lafiya lau. Ido ya yi kyau, har na fara ganin abin da bai shafe ni ba. Eh, ina tare da ita. Na faɗa mata saƙonka, kalma ba ta faɗi ƙasa ba." Ya saurara. "A'a, ba ta bari ba. Ni na ce kada ta bari." Muryar da ke cikin wayar ta ɗaga. "Dakata mana. Na zo na gani. Abin nan ba ya hawa titi, ba ya shiga cikin motoci. Gudunsa bai kai na mai tallar kunu ba. Ta faɗi a gabana, ba zan ɓoye maka ba, ta kuma tashi a gabana. Akwai maganar da za ta gaya maka da bakinta in mun koma gida, ka saurare ta har ƙarshe. In ka ji ka ga ba ka yarda ba, sai mu sake zama." Ya sake saurarawa. "Na san kai ka aiko ni. Amma wanda ya aiko ni ɗin, ni na haife shi. Ka gai da mutan gidan."

Ya kashe, ya mayar da wayar aljihu.

"Ya yarda?" Sabuwa ta tambaya a hankali.

"Bai yarda ba, bai ƙi ba. Ya ce to, Baba. Sauran aikin naki ne, kuma har maganar jarrabawar nan za ki gaya masa."

"Zan gaya masa."

"Ni dai na ɓata da ɗana saboda mace. Haka ake gaya mana tun muna yara, ba mu ji ba."

Ta sunkuyar da kai, tana goge ido da bayan safar hannu.

"Kuka kike yi?"

"Yashi ne."

"Yashin Masar akwai shiga ido. Ni ma ya ɗan shiga nawa."

Ya juya wajen rumfar, inda aka rataye kayan sayarwa a jikin ƙusa. Ya nuna da sandarsa: dogayen takalma masu tauri, da abin kare gwiwa, da na gwiwar hannu, da wata riga mai sulke a baya.

"Gaya masa ya sauko da waɗancan. Duka. Ni zan biya."

"Kaka, sun yi yawa."

"Ba kyauta ba ce. Sadakinki ne, tunda kullum kina gorin ban ba ki ba."

"Sadakina ke nan? Takalmi da sulke? 'Yan mata ana ba su zinariya."

"'Yan matan da ake ba zinariya ba a tsince su a ƙasa ƙafa a sama ba. Ke ko wannan an yi miki alfarma."

"To na karɓa. Amma ka faɗa da bakinka: wa ya iya zaɓe?"

"Ni mana. Ni na fara cewa jan."

"Ka kuma dawo ka ce farin."

"Gwada ki nake yi."

"Kaka."

"Me?"

"Faɗi."

Alhaji Iliya ya dubi Kabtin Alaa, wanda yake tsaye rungume da takalma yana jiran a gaya masa abin da ake ciki. Ya dubi jikarsa, hijabi duk yashi, hannu a ƙugu. Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya dafa kafaɗar Kabtin don kada ya faɗi.

"Khalas!" ya ce. "Khalas, kin ci, 'yar nema. Kin iya zaɓen babur. Zo ki riƙe mijinki ki kai shi inuwa, rana za ta ƙarasa miki shi kafin ki ci gado."